Masu Keke da Masu Kallo a Sahon Rami

Titin da ya taso daga Legas, ya bi ta Ibadan da Ilori, ya haye Kogin Kwara a Jebba, ya wuce Mokwa ya nufi Kontagora da Yawuri har Sakkwato, titi ne na manyan motoci. Tirelar shanu tana gangarawa kudu, tankar mai tana haurowa arewa, ƙananan motoci suna neman wajen raɓawa a tsakaninsu. Mutanen Sahon Rami, a ƙaramar hukumar Mashegu ta masarautar Kontagora, sun saba da wannan hayaniya har ba sa ɗaga kai. Matafiyi ɗaya ne kan sa mai shayi ya tsaya da juya madara: mutum a kan keke, fuska duk ƙura, ƙunshin kaya a baya, yana cewa daga Legas yake, Sakkwato za shi.

Ba kullum ake ganin irinsu ba, amma an gansu har an san iri-irinsu.

Abin ya yi ƙamari bayan zaɓen 2015, lokacin da Suleiman Hashimu, mutumin jihar Katsina, ya tako a ƙasa daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don cika alwashin da ya ɗauka in Buhari ya ci zaɓe. Ya samu ganin Buharin, aka ɗauke su hoto, shi ke nan ƙofa ta buɗe. Kafin a rantsar da sabuwar gwamnati tituna sun cika da masu tattaki, waɗanda suka tausaya wa ƙafafunsu kuma suka hau keke. Daga wannan zuriya mai alwashi ya fito. Tun daga nesa ake gane shi: tuta a kan keke, tuta a kariya, hoton gwaninsa a ƙirji da gadon baya. Yana da jakar leda da yake tattali fiye da famfonsa, cike da wasiƙar mai unguwa, hatimin hakimi da sa hannun duk wani mai biro da ya gamu da shi a hanya. In ya shigo gari, ofishin jam'iyya yake fara tambaya kafin rijiya. Gwiwarsa kuma ta san siyasa: a garin da shugaban jam'iyya ke da sakin hannu takan kumbura har kwana biyu, inda aka haɗa shi da "Allah ya kai ka lafiya" kawai sai ta warke nan take. Tambaya ɗaya ce ke ɓata masa rai, kuma ba a rasa mai yi masa ita a teburin mai shayi: "To shi mai gidan naka ya san kana tafe?"

Ƙanensa shi ne mai waya. Shi wannan kekensa yana tafiya ne da caji. Kafin ya gaida kowa ya miƙa wa mai cajin waya na'urori uku, sannan ya hau zagaye kasuwa hannu a sama yana neman inda sabis ya fi ƙarfi. Tudun da ya hau da safe ba tare da ya ɗauka a bidiyo ba, a wajensa asara ce, yana iya gangarawa ya sake hawa. Jagoran wannan layi Emmanuel Myam ne, saurayin da ya taso daga Binuwai a keke a 2023 don ya ga mawaƙi Davido a Legas. Yana tsakiyar hanya mawaƙin ya rubuta a intanet cewa ya juya, ba ya gida. Bai juya ba.

Akwai kuma wanda direbobin tirela suka fi kowa saninsa. Da la'asar sakaliya za ka gan shi a gefen tasha yana ƙus-ƙus da yaron mota. Magariba na yi, keke ya hau saman buhuna, shi ya miƙe a gefensa ya sha barci. Saura 'yan kilomitoci a shiga gari na gaba sai ya buga jikin mota a sauke shi, ya fasa ledar ruwa ɗaya a ka, ya ɗan shafa ƙasa a ƙafar wando, ya shigo yana haki kamar wanda kare ya biyo. Jama'a na ta sannu, ana kawo fura. Mai faci kaɗai ke yin shiru, don ya taɓa taya ya ji ta da sanyi, ya ga ƙaiƙayin masara maƙale a kaca. Ba ya tona asiri. Sai dai in an zo biyan kuɗin iska, ba ya ragi.

Mai niyyar ƙasa mai tsarki daban yake, kuma shi garin ke girmamawa da gaske. Ba tuta, ba surutu, sai buta, darduma da ƙur'ani a jaka. Irin wannan tafiya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanni sun yi ta a ƙafa ta Chadi da Sudan, shekara da shekaru, wasu suna tsayawa noma a hanya su tara guzuri, wasu suka zauna can ɗungurungum, jikokinsu na Sudan har yau. Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a keke a 2021, bai isa Saudiyya ba sai ƙarshen 2022. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, ya tuƙa keke wajen kilomita 4,000 a 2023 yana neman gurbin karatu a Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, an tsare shi sau uku a hanya, sai a Chadi masu taimako suka saya masa tikitin jirgi. Wata 4 ya yi, in ka raba, kilomita 30 da 'yan kai ke nan a rana, amma ya samu gurbin, har da tallafin karatu. Wahalar irin wannan matafiyi in ya sauka a ƙauye ita ce saƙo. Wannan na neman haihuwa, wancan bashi ya yi masa katutu, wata tsohuwa ɗanta ya tafi kudu shekara biyar ba labari. Kowa so yake a ambaci sunansa a gaban Ka'aba. Bawan Allah ya shigo da kaya ɗan kaɗan, ya fita da sunayen rabin gari a bayan takardar magani.

Baturen keke kuwa ya yi wuyar gani, tun da 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan Mashegu da Mariga. Amma tsofaffin bakin titi suna tuna shi: hular kwano, jakunkuna huɗu a rataye, tanti, ɗan murhu, da wando matsattse wanda ya sa wani dattijo ya kau da kai ya aika yaro gida a ɗauko wa baƙo zane. Ya iya "sannu" da "na gode", yana rabon su ko'ina, har ga wanda ya taka masa ƙafa. Abin da ba a taɓa warwarewa tsakaninsa da gari ba shi ne dalili. Ba alwashi, ba aikin hajji, ba kuma talauci ba, tunda kuɗin kekensa zai sayi babur. Ya ce yana son ganin duniya. Aka gyaɗa kai, aka bar shi a kan cewa akwai abin da yake nema a ƙarƙashin ƙasa.

Ko wane iri ne a cikinsu, wuninsu ɗaya ne. A tashi da asuba, a sha koko da ƙosai, a ci hanya kafin rana ta buɗe ido. Daga hantsi ya dubi ludayi zuwa azahar, musamman a watan Maris da Afrilu, kwalta takan yi zafin da ke tausasa faci, dole a nemi gindin mangwaro. Wanda ya nufi arewa a cikin hunturu yana da ƙarin abokin gaba, domin iskar daga arewa maso gabas take busowa, ƙirji take duka. Mutum yana taka feda da iyakar ƙarfinsa, akuya tana wuce shi. Tirela in ta zo wucewa, iskarta kan ture keke gefe, ta sake janyo shi, ga rami a gaba. Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa zuwa ofis, sai da wata bas ta tura shi kwalbati a Abuja. In haka ta samu minista a babban birni, sai a ƙiyasta rabon talaka tsakanin Mokwa da Kontagora. Kafin magariba kowa ya nemi gari, wannan kam yanzu ba mai gardama. Makwanci kuwa barandar masallaci, zauren mai gari, ko bencin mai shayi. Sannan akwai ciwon da sirdi ke haifarwa, wanda ko mai waya ba ya nuna wa mabiyansa. Ana gane shi ne da yadda matafiyi ke ƙin kujera yana cewa ya fi son tsayuwa.

Su ma masu tarbar, kowa da halinsa.

Babbansu mai faci. Rumfarsa buhu ne a kan sanduna huɗu, kayan aikinsa famfo, kwano mai baƙin ruwa, gam, guntun tsohon tub da gwangwanin boris. Ba ya gaggawa. Zai zare tub, ya hura, ya nutsa shi a ruwa gaɓa-gaɓa har kumfa ta tona inda ƙaya ta shiga, ya goge wajen, ya shafa gam, ya hura masa baki, ya jira. A cikin wannan jira ne yake yanke wa keken hukunci. Keke mai giya ashirin da wani abu bai taɓa burge shi ba: "Malam, wannan ai na gayu ne. In wayar nan ta tsinke, sai Kontagora, can ma sai an dace." A wajensa keke ya ƙare daga Raleigh, na Ingila, wanda a da har masana'antarsa akwai a Kano, Phoenix na Sin yana biye, sauran duk tarkace. Haushin abin shi ne yawanci yana da gaskiya, kuma gyaran da zai yi da guntuwar waya da robar tub yakan kai mutum inda za shi.

Sai mai kwatance, wanda bai taɓa cewa wuri na da nisa ba. "Ai ka ma iso. Ka hau wancan tudun, ka gangara, shi ke nan." Tudun na nan, gaskiya ne, sai dai yana da 'yan'uwa bakwai a bayansa. Ba mugunta ba ce, a babur yake auna hanya, kuma yana ganin rashin kirki ne a karya wa baƙo gwiwa.

Dattijon bakin masallaci shi tausayi ne ke damunsa. Zai saurari labarin tun daga gadar Jebba, ya yi salati, sannan ya jawo matafiyi gefe, ya rage murya: "Yaro, in kuɗin mota ne babu, faɗa mini, a yi maka karo-karo bayan sallah." Duk bayanin da za a yi masa na kafa tarihi da wayar da kan jama'a, amsarsa ɗaya: "Iyayenka suna raye? Sun kuma yarda?" 'Yan rakiya kuwa yara ne da 'yan acaɓa, su bi baƙo da ihu da hon har bayan gari, su tayar masa da ƙurar da zai kwana yana tari, su juyo suna gardamar ko zai kai. A shingen hanya ma akan samu mai son sani, wanda zai sa a kwance kaya ɗaya bayan ɗaya, ya juya famfo, ya shinshina gam, a ƙarshe ya nemi a ba shi keken ya ɗan zaga.

Akwai mutum guda da ba ya cikin masu kallo, don ba shi da lokaci. Manomi ne daga ƙauyukan cikin daji, Bakambare ko Bahaushe, a kan tsohon keken da fentinsa ya gudu tun tuni. Ba giya, birki sai tafin silifa, feda ɗaya saura ƙarfen tsakiya. Buhun masara a kariya, wani a tsakiyar ƙarfe, kaji biyu a rataye. Ranar kasuwa yakan yi tafiyar da mai alwashi zai kira taron 'yan jarida a kanta, ya sayar, ya sayi gishiri da taki, ya koma a ranar. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, irinsa sun ƙaru, don babura da yawa sun koma jingine a zaure, an kakkaɓe kekunan da aka rataye. Shi ne ke cim ma ɗan yawon a tsakiyar tudu, ya ce "sannu da ƙoƙari", ya wuce. Ba a taɓa ba shi takardar yabo ba, kuma in ka ce masa abin da yake yi wasan motsa jiki ne a wasu ƙasashe, zai ɗauka zolaya ce.

Ɓangaren da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne komawa. Mai alwashi ya isa, ya kwana uku a bakin ƙofar gidan gwamnati, wani hadimi ya fito ya karɓi takardunsa, ya ba shi ambulan da hula. Babu wanda ya taɓa yin alwashin komawa gida a keke, saboda haka sai tasha. Nan zai tarar da ɗan kamasho, wanda bai san tarihi ba, bai kuma ga bidiyon ba. Zai dubi keken, ya dubi but ɗin da aka riga aka cusa wa buhuna, ya ce kuɗin mutum ɗaya ne na mai keke, na keken kuma kuɗin mutum ɗaya da rabi, sai in ya yarda a cire tayoyin ya rungume su a cinya har gida.