Direbobin Gingimari a Gaban Sabon Ubangida

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu motoci a kasuwar Dawanau ta Kano, inda ake lodin hatsi zuwa Kudu, ko kuwa ya yada zango a Tafa ko Mararrabar Jos sa'ad da tireloli suka yi sahu suna hucewa, ya san sauya ubangida ba baƙon abu ba ne ga direbobin manyan motoci. Kuma ranar da direba ya durƙusa gaban sabon mai mota don a yanke masa ladan aikinsa, ran nan ɗabi'arsa take bayyana fiye da yadda take bayyana a kan sitiyari.

Akwai sojan baka, wanda tun ba a gama gaisawa ba ya riga ya kai Agadas ya komo, ya ratsa Njamena ya sauke kaya a Duwala. DAF da MAN da Mack duk ya murza su, ya sauko Hawan Kibo da cikakken lodi birki ya tsinke, amma ko kaza bai take ba. Saboda haka ninkin albashinsa na da yake so. Alhaji mai mota, da yake ya sha jin irin wannan balaga, sai ya bari ya numfasa, kana ya ce, "Madalla, kawo lasin mu gani." Lasin kuwa yana wurin sabuntawa tun bara, kuma daga nan ciniki ke yin ƙasa har ya tsaya a inda bai kai na tsohon gidan ba.

Wanda ya fi shi haɗari, a ganina, shi ne mai kunya. Wannan in an ce ya faɗi abin da za a biya shi, sai ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da makulli, ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, ai babu ciniki tsakanin ɗa da uba, duk abin da ka bayar albarka." Mai mota ya yi murna ya sami ma'abocin ƙana'a, alhali kuwa malaman Malikiyya, tun daga Risalar Ibn Abi Zaid, sun sharɗanta wa ijara, wato ɗaukar mutum aiki, a ambaci ladan aikin kuma a yanke ajali, don sun san abin da aka bari a dunƙule da sunan mutunci da husuma yake ƙarewa. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, tankin gas yana hannun direba, masu jarka kuma suna bakin titi dare da rana, sai ka ga abin da kunya ta hana shi nema da baki ya koma nemansa da tiyo. Bayan wata uku Alhaji yana kiransa maha'inci, shi yana kiran Alhaji azzalumi, kuma in aka yi adalci kowannensu yana da hujja.

Mai zagin tsohon ubangidansa ba ya bukatar dogon sharhi. Ya manta masu motocin nan ƙungiya gare su, NARTO, suna haɗuwa a taro da ɗaurin aure, kuma kafin ya gama shan ruwan da aka kawo masa an riga an buga waya an ji labarin injin da ya ƙona a Jebba. Ɗan'uwansa a wauta shi ne mai cewa wani babban kamfanin siminti yana ta kiransa, shi ne yake ja musu aji, wanda da zarar an ce masa, "To, Allah ya sa alheri, kada mu tare maka arziki," sai ya kasa samun ƙafar tashi.

Sai mai ɗan littafi, wanda masu motoci ke ƙin gani amma suke rububin ɗauka. Ya san tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne, sai dai ba ya ɓata yawunsa a kan albashi, domin ya fahimci arzikin direba ko tsiyarsa suna cikin abin da ke kewaye da albashin. Zai lashi yatsa ya buɗa shafi, ya tambaya da ladabi: kuɗin hanya nawa ne, kuma a cikinsu ake sallamar masu shinge ko dabam? Abincin yaran mota a wuyan wa? In taya ta fashe a Mokwa, ko mota ta kwana uku hannun bakanike, asarar ta wace ce? In aka tsaya jiran shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, wadda cunkosonta ya sa a 2021 hukuma ta fito da tsarin kiran motoci ta waya mai suna Eto, kwanakin jiran aiki ne ko hutu? Lodin dawowa kuma, in shi ya nemo da kansa wurin 'yan kamasho, nawa ne rabonsa? Alhaji ya share gumi ya ce, "Malam, direba nake nema ko alƙali?" Shi kuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura biyu kawai," sannan ya juya wani shafin. Ba zai taɓa makulli ba sai an kira shaidu biyu daga ƙungiyar direbobi an karanta musu sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, kuma ko shayin da shaidun suka sha sai da ya tambaya a lissafin wa za a rubuta.