Ranar da Na Ci Kasuwar Wudil da Lamba Uku

Duk wanda ya ce maka a waya ya koyi tuƙi, ka yi sallama da iyalinka kafin ka shiga motarsa. Ni ganau ne, domin ni ne direban. Mako biyu na yi ina hadda kamar ɗan Islamiyya: lamba ɗaya ta tashi ce, idan allura ta kai 20 a saka ta biyu, 40 ta uku, 60 ta huɗu.

Wata Juma'a Kawu ya miƙo mini makullin tsohuwar Golf ɗinsa, ya ce in kai wa Gwaggo masara buhu biyu a Garin Dau, tsallaken gada. Ban gaya masa iyakar tuƙina zagaye uku ne a filin ƙwallo ba. Shi ma bai gaya mini allurar gudun motar ta riga mu gidan gaskiya tun zamanin mulkin Obasanjo ba. Sai da na hau titi na gan ta kwance a kan sifiri, ko motsi.

Wanda ya san Wudil ya san Juma'a ce ranar kasuwarta. Ga tireloli maƙare da shanu za su Kudu, ga tifofin yashi sun hauro daga kogi, ga motocin Maiduguri da na Dutse, ga 'yan A Daidaita Sahu suna kurɗawa kamar ɓeraye, kowa ya nufi gada. Da na ga babu allura, sai na ƙirƙiro dabara: in ƙirga goma a zuci, in ƙara giya. Kafin in wuce masu rake har na kai lamba uku, alhali wani jaki da ke gefena ya fi ni sauri.

Nan motar ta fara tari tana karkarwa kamar mai masassara, ta mutu murus a gaban wani bajimin sa. Ya dube ni, na dube shi. Na murza makulli, na manta tana lamba uku, na saki kuloci. Ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Na sake, ta sake. A karo na uku wani ɗan kamasho ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, mota ce wannan ko kwaɗo?"

Cikin zafin rai na mayar da ita lamba ɗaya, na yi rantsuwa ba zan ƙara taɓa giya ba. Hanya ta buɗe a bakin gada, na take totur, ƙafar hagu kuma tana kishingiɗe a kan kuloci saboda tsoro. Inji ya dinga kururuwa kamar injin markaɗe ranar biki. Ƙauri ya tashi, har wata mai suyar kifi ta duba kaskonta.

Wani dattijo direban tifa ne ya ɗaga mini hannu na tsaya.

"Ɗan nan, me baiwar Allahn nan ta yi maka?"

"Baba, allura ce ba ta aiki."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tawa ta fi shekara ashirin da mutuwa. Ai da kunne ake sa giya. Idan ta yi kuka, ƙara mata lamba. Idan ta yi tari, rage mata. A gosulo irin na yau, tsakanin ɗaya da biyu za ka wuni. Sannan ka ɗauke ƙafarka daga kan kuloci, ba matashin kai ba ne."

Wallahi da na bi maganarsa, lafiya lau muka kai masara, sai dai aikin gama ya riga ya gama. Washegari bakanike ya kwance motar, ya nuna wa Kawu faifan kuloci ya ƙone ƙurmus. Da ya faɗi kuɗin sabo, sai tari ya sarƙe ni. Na dubi Kawu cikin ladabi na ce, "Kawu, wani dattijo ya koya mini cewa duk abin da ya yi tari, rage masa ake yi."

Kawu ya gyara hula ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Za a rage maka. Amma ni mai mota tun jiya kuka nake, don haka sai ka ƙara da kuɗin aikin bakanike."