Madalla da Malaman da Suka Sa Saniya Ta Tsere wa Dodo

Masana dabbobi sun daɗe suna wahalar da kansu a banza. Su shiga daji da ma'auni, su kwana cikin sauro, wai don su san nauyin giwa da gudun barewa. Sai ga kamfanin Game Freak na ƙasar Japan, wanda ya fito da wasan Pokémon a 1996, ya hutar da kowa. Su daga kan kujera suke auna halitta, kuma abin da suka rubuta ya zauna daram. Sannunku da aiki, malamai.

A wasan, kama dodanni ake yi, a horar da su, a haɗa su faɗa. Kowane iri yana da maki a fanni shida: yawan rai, ƙarfin bugu, kariya, hari na musamman, kariya ta musamman, da sauri. Akwai kuma wani kundi, Pokédex, da farfesa ke danƙa wa yaro tun farkon tafiya, mai faɗin tsawo da nauyi da ɗabi'ar kowace dabba da murya irin ta littafin kimiyya. Sai ka jera kundin da makin gefe da gefe za ka ga zurfin ilimin mutanen nan.

Ga Onix, macijin da aka yi da curin duwatsu, tsawonsa mita 8.8. Ƙarfin bugunsa 45 ne, daidai da na ɗan tsuntsu Pidgey. Ɓeran nan Rattata yana da 56. Ashe gara dutse mai tsawon bene ya faɗo maka da ɓera ya cije ka! Wa ya taɓa sanin haka kafin su zo? Maƙiya za su ce ai Onix shi ne babban abokin karawar yaro a gidan gwaji na farko, wurin Brock, shi ya sa aka cika masa kariya har 160 aka zare masa ƙarfi, don kada sabon shiga ya fusata ya ajiye wasan. Hassada ce kawai. Malaman da suka rubuta kundi ba za su karya dokar halitta don tsoron rasa mai saye ba.

A fannin gudu kuwa sun ƙure maleji. Kundin ya ce Dragonite, dodo mai fukafukai, yana zagaye duniya cikin awa 16. Kewayen duniya ya kai kilomita 40,000, wato yana cin kusan kilomita 2,500 a awa, ya ninka saurin sauti. Makin saurinsa 80. Miltank, saniyar tatsa mai hantsa cike da nono, tana da 100. Ƙatuwar kyanwa Purugly, wadda ƙiba ce alamarta, tana da 112. Masu kare gidan sukan ce makin sauri ba tsere yake aunawa ba, zafin nama ne, wa zai riga kai hannu. To madalla. Machamp, wanda kundin ya ce yana kai naushi 1,000 cikin daƙiƙa biyu, makinsa 55. Saniya ta gama tunkuyinsa ta koma kiwo bai ɗaga hannu ba.

Sai nauyi. Wailord kifin whale ne mai tsawon mita 14.5, kuma an auna shi an sami kilo 398, nauyin bijimi ɗaya a kara. Na gaske mai irin wannan tsawon yakan kai tan 25 zuwa 30. Groudon, wanda aka ce shi ya shimfiɗa ƙasa, kilo 950 ne, alhali toron giwar Afirka yana kai tan 6. Babu dodon da ya wuce kilo 999.9, don a nan ma'aunin malamai ya ƙare, halitta kuma ta yi ladabi ta tsaya. Magcargo, dodon koɗi na narkakken dutse, zafin jikinsa kusan digiri 10,000 ne, fuskar rana kuma ba ta wuce wajen 5,500 ba. Duk da haka yaro yana tsaye kusa da shi cikin ciyawa, ko gira bai ƙone ba.

Za a ce ai almara ce, me ya yi zafi? Almara ma tana da doka. A tatsuniyarmu giwa tana magana, amma ba ta taɓa zama mara nauyi ba. Zomo yana da gudu, kura tana da kwaɗayi, kuma yaron da ya saurara ya tashi da wani abu na gaskiya game da dawa. Su ma Game Freak sun iya in sun so: kunkurun nan Torkoal saurinsa 20, ƙwaro Ninjask 160. Sun san hanya sarai, sai dai sun fi ƙarfin binta kullum.

Amma babbar kyautarsu ga tarbiyya tana ɓoye. Wasan da fim ɗinsa ba su da waƙar da ta wuce abota da amana tsakanin yaro da dabbarsa. A ƙarƙashin wannan daɗin baki, tun daga wasannin Ruby da Sapphire na 2002, kowane ɗan dodo yana zuwa duniya da ɓoyayyen maki daga 0 zuwa 31 a kowane fanni, da kuma hali ɗaya cikin 25, waɗanda yawancinsu ke ƙara wani fanni su rage wani. Wanda ya zo da 31 ya fi ɗan'uwansa tun daga ƙwai. Me mai son cin gasa zai yi? Ya kai uwa gidan reno ya haɗa ta da wani dodo mai suna Ditto, ya yi ta zagaye a kan keke ƙwai suna ƙyanƙyashewa, ya duba makin kowane jariri, ya zaɓi ɗaya, ya sallami sauran. Abokin da ya yi dukan tafiyar da shi tun farko kuma a jefa shi akwatin kwamfuta, don lambarsa ba ta cika ba. Wace makaranta ce za ta koya wa yaro amana da kyau haka?

Kuma ba su rasa tausayi ba. A 2016, cikin Sun da Moon, sun yarda a gyara mai ƙarancin maki in an biya da murfin kwalba. Sai dai gyaran ba ya bin jini: 'ya'yansa ainihin makin haihuwarsa suke gada. Asali dai asali ne. Allah ya ƙara basira.

Abin da ke ci mini rai shi ne tushen wasan. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro shi, ya tashi yana farautar ƙwari a Machida, gefen Tokyo, ya ga gine-gine sun cinye filayen, ya so yaran birni su ɗanɗani daɗin lura da halitta. Halittar kuwa ba ta buƙatar ƙari: akwai nau'in buzuzu da ke jan abin da ya ninka nauyinsa fiye da sau 1,000. Niyya mai kyau irin wannan ce aka mayar teburin lissafi, inda ba a kallon dabba sai lambarta.

Yaranmu suna buga wasannin nan a waya, kuma suna haddace makin fiye da yadda muke zato. Kada ka ƙwace wayar. Zauna kusa da shi ka ga abin da yake yi, kuma ranar da ka ji ya ce zai sallami wata dabba don ba ta kai 31 ba, tambaye shi laifin da ta yi masa.