Gwangwanin da Ya Haɗa Ni da Alhaji

Wani direba mai zirga-zirga tsakanin Diffa da Bosso ne ya ba ni shi a gwangwanin madara, a madadin jikka biyu da nake binsa. Kara ne kore mai kauri, ba ganye, sai ƴan haƙora marasa suka. Na rataye shi a rumfa, ya shiga zubo rassa ƙasa kamar kitson da aka tsefe rabi.

A bakin Komadugu duk shukar da ba tattasai ba ce, sai ta yi bayanin kanta. Maƙwabcina Alhaji, mai bandar kifi, ya tambayi nawa ake sayar da buhunsa. Surukata ta ce tinya ce, a fitar da ita kafin ta makantar mata da jikoki. Ɗan yayata, da ke karatun noma a jami'ar Diffa, ya ɗauki hotonsa da salula. Salula ta ce kaktus ne daga Meziko. Ya sake ɗauka, ta ce kokwamba.

"Kawu, bari mu bi hanyar malamai," in ji shi. Ya karya reshe, ruwa ya fito garai-garai, ba farin nono, ke nan ba tinya ba ce, ba aguwa ba. Kaktus kuwa, ya ce, ƙayarsa daga wani ɗan tabo mai gashi take tsirowa, wannan ba shi da ko ɗaya. "Sai mu jira fure."

Furen bai tashi buɗewa ba sai ranar da za a kawo kuɗin gaisuwar ƴata. Tun hantsi gida ya gauraye da warin mushe. Uwargida ta fito da gado da buhunan gero tana neman mataccen ɓera. Ni kuwa na zarce ƙofar Alhaji na ce masa kifinsa ya ruɓe, ya ji tsoron Allah. Ya rantse da Barbarci, ya maimaita da Hausa don kada in ce ban ji ba.

Baƙi suka zauna a rumfa, turaren wuta na iya ƙoƙarinsa, kowa na numfashi ta baki yana tambayar lafiyar iyali. Dattijon cikinsu ne ya bi ƙudaje da ido har sama. Ga fure nan mai kusurwa biyar, launin hanta, duk gashi.

"Malam, ai wannan ɗan'uwan karan masallaci ne."

Ɗan yayata ya tabbatar: Stapelia sunansa, ɗan kudancin Afirka, danginsu ɗaya da tumfafiya. Da gangan yake warin, don ƙudaje su zaci nama ne su yi masa jigilar ƙurar fure, wasu har ƙwai suke zubawa a ciki.

Alhaji har yau sai dai ya ɗaga mini hannu daga nesa. Dattijon kuwa da za su tafi ya ja ni gefe ya roƙi reshe ɗaya, wai akwai masu zaman hira a zaurensa da ba su san lokacin tashi ba.