Daga Kwana Uku Zuwa Daƙiƙa Uku

Malamanmu na zaure, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu daga cikinsu, sun karantar da mu tun muna ƙanana cewa haƙƙin baƙo a kan mai masaukinsa kwana uku ne, kuma ladabin da muka taras a gidajen iyayenmu shi ne, idan mutum ya yi sallama a ƙofa, sai a amsa masa, a shimfiɗa masa tabarma ko buzu, a kawo masa ruwa ya sha, sa'an nan bayan gumi ya tsane, an tambayi gajiya da mutanen gida, a saurara masa ya faɗi abin da ke tafe da shi. To, ga shi Allah Ya ja kwananmu har mun riski zamanin da 'yan kasuwa suka gina zaurukansu a cikin iska, suka raɗa musu suna shafukan intanet, kuma a can kwana ukun nan sun tsuke sun koma daƙiƙa uku, wato sakan uku na agogo. Domin kuwa kamfanin Google ya ba da labari a 2016 cewa cikin kowace ziyara 100 da ake kai wa shafi ta wayar hannu, 53 watsewa suke yi muddin shafin ya haura daƙiƙa 3 bai buɗe ba.

Saboda haka sai wani sabon fanni na ilimi ya ɓulla, da shehunansa da almajiransa, fannin riƙe baƙo kada ya kuɓuce. Ni ban san zurfin wannan ilimi ba sai a azumin da ya wuce, ranar da na ƙudurci shiga Kantin Kwari in yanko shadda yadi goma ta Sallah, ɗan ƙanwata ya dube ni da irin tausayin da ake yi wa mutanen da, ya ce, "Haba Kawu, da bakin azumi za ka shiga wannan turmutsitsi? Ai yanzu daga kan tabarmarka za ka zaɓa, a kawo maka har ƙofar gida." Ya karɓi wayata ya latsa nan ya latsa can, ya miƙo mini, ya ce ga ni nan cikin kanti. Sunan kantin kuwa ba zan ambata ba, don giba tana cin lada, ni kuma nawa bai taka kara ya karya ba.

Ban kai ga ganin ko zare ɗaya ba sai wani allo ya taso daga ƙasa ya tare rabin fuskar wayar, yana sanar da ni cewa a gidan nan ana raba kukis, ko na yarda? Na tambayi yaron mene ne kukis, ya ce a Turance wani nau'in biskit ne. Na ce madalla, ashe da sauran mutunci a duniya, a ajiye mini zuwa buɗa baki. Sai da ya gama dariyarsa ya fahimtar da ni cewa wannan biskit ba ya shiga baki, wata 'yar alama ce da mai shafi ke maƙala wa wayar baƙo, kamar yadda makiyayi ke yi wa saniya shaida a kunne, domin ya gane shi duk ranar da ya komo, ya kuma san inda ya tsaya da abin da ya daɗe yana kallo. Wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙago ta a kamfanin Netscape a 1994, da kyakkyawar niyya, don kanti ya riƙa tuna abin da mai saye ya zuba a kwando. Amma 'yan talla suka mai da ita ɗan leƙen asiri, har Tarayyar Turai ta wajabta a nemi izinin baƙo tukuna, ta kuma ƙara ɗaure dokar tamau daga 25 ga Mayu 2018. Izinin kuwa ga yadda ake nemansa: maɓallin "na yarda" ƙato ne kore shar, wanda ko makaho zai lalubo, shi kuwa na ƙin yarda an tura shi can bayan ɗaki, da rubutu mai ƙanƙantar ƙwayar acca. Ina ma a kai wa alƙalan da wannan mas'ala, su gaya mana ko irin wannan ijabi da ƙabuli ya ƙulla ciniki, ko kuwa babin tilas ya kamata a buɗe.

Na yarda, don babu yadda zan yi. Shadda ta fara leƙowa, ga fara sol, ga ruwan toka, zuciyata ta soma sanyi, kwatsam sai wata taga ta faɗo ta rufe komai, tana neman adireshin imel da lambar wayata domin a riƙa aiko mini da albishir kowane mako, kuma wai za a rage mini kashi 10 cikin 100 na kuɗin da har yanzu ba a gaya mini ko nawa ne ba. Ka ƙaddara, ya mai karatu, ka sa ƙafa a rumfar wani a Kasuwar Kurmi, ba ka ko rufe baki daga sallama ba, sai mai rumfa ya miƙe ya baje babbar rigarsa a gaban hajar, ya ce ba za ka ga komai ba sai ka kwatanta masa gidanku, ka kuma amince ya riƙa zuwa yana ƙwanƙwasa maka ƙofa duk ranar Juma'a. Idan ka ƙi, sai ka furta da bakinka cewa kai mutum ne mai son asara, domin abin da aka rubuta ke nan a kan 'yar ƙofar fita. Wane Bakano ne zai ƙara taka wannan rumfa?

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya ƙago wannan taga mai faɗowa ya riga ya tuba. Sunansa Ethan Zuckerman, ya yi ta ne a wani kamfanin Amurka mai suna Tripod a ƙarshen shekarun 1990, bayan wani kamfanin motoci ya fusata da ganin tallarsa a kan shafin batsa, aka nemi hanyar raba talla da shafi. Kuma a 2014 ya fito a mujallar The Atlantic ya nemi afuwar duniya. Malamai sun ce sharuɗɗan tuba su ne nadama, da dainawa, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Shehin ya yi nadama, amma almajiransa ko gezau, duk da cewa tun Janairun 2017 Google ya fara mayar da shafukan da ke tare fuskar waya da irin waɗannan tagogi baya a jerin bincike.

Sauran abin da ya biyo baya zan taƙaita. Kiɗa ya ɓarke daga wani bidiyo da ban kunna ba, ana tsakar watan ibada, iyalina suka leƙo suna salati. Wata budurwa ta bayyana a kusurwa tana murmushi, ta ce ita ce mai taimaka mini. Na gaishe ta yadda ya kamata, ina wuni, ina gajiya, yaya ibada, ta ce ba ta fahimci tambayata ba, ashe na'ura ce. Jim kaɗan kuma gidan da ya turo na'ura ta tarbe ni ya tuhume ni da zama na'ura, ya ce in tabbatar da ni ɗan Adam ne ta hanyar nuna hotunan da ke da danja da babur. Sa'an nan aka kawo takardar rajista. Tambayar kabari uku ce, wannan kuwa na ƙirga goma sha huɗu, har da ranar haihuwata, wadda mahaifiyata ma da shekarar fari take lissafa ta. Da na ɓata hanya na faɗa wani ɗaki, sai na iske hoton Alhaji mai kamfanin, da malum-malum da jerin sarautunsa, hoton da nauyinsa kaɗai ya lashe datar da na saya ta mako guda.

Daga ƙarshe na isa ga shaddar da raina ya kwanta da ita, na duba inda ya kamata a ga kuɗi, sai na ga an rubuta a tuntuɓe su ta WhatsApp don jin farashi. A nan ne na gane cewa wannan cuta tamu ce ta gida, ba Turawa suka kawo mana ita ba, domin duk mai bin Facebook da Instagram ya san yadda hajiyoyi masu atamfa da samari masu takalma ke amsa tambayar "nawa ne?" da cewa a biyo su ta akwatin saƙo, kai ka ce kuɗin yadi sirrin aure ne. Wasu sun ce tsoron abokin gasa ne, kada ya gani ya karya farashi. Ni kuwa zatona shi ne, ɗan kasuwa ya saba duban takalmi da agogon mai saye kafin ya yanka masa kuɗi, da ya rasa takalmin sai ya koma duban hoton da ke kan lambar waya. Alhali kuwa ɗalibin da ya fara babin ciniki ya san cewa jahiltar farashi garari ne.

Ana ɓoye kuɗin, amma ana gaggauta ni. Ga agogo ja yana ƙirga saura minti goma garaɓasa ta ƙare, ga rubutu cewa mutum 27 suna kallon wannan shadda yanzu haka, saura guda biyu kacal. Da na komo bayan sahur sai na tarar agogon ya sake farawa daga minti goma, mutum 27 ɗin nan kuwa suna nan tsaye, ko sahur ba su je sun yi ba. Fuƙaha'u suna da suna ga aikin mutumin da ake ajiyewa a kasuwa yana taya kaya ba don ya saya ba, sai don ya zuga wani: najashi. Bambancin kawai, na da ana ba shi goro, na yanzu ko ci ba ya yi. Ko a Birtaniya sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal, irin su Booking.com da Expedia, suka ɗauki alkawari a 2019 cewa za su daina matsa wa mutane da irin wannan zuga.

Amma adalci ya wajaba, mu ma baƙin ba kanwar lasa ba ne. Mu ne muke kwana a layin mai, mu ne ake gayyata walima ƙarfe biyu a fara ƙarfe biyar ba mu ce uffan ba, amma daƙiƙa uku a gaban waya ta gagare mu. Dalili kuwa a fili yake: a kasuwa kunya ce ke riƙe mutum, tunda an ba shi benci an zazzage masa kaya, sai ya ƙirƙiro "bari in zagaya in dawo", a intanet babu idon da zai ji wa nauyi, babban yatsa kawai zai motsa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, wannan kuwa ko hantsi ba ya jira. Mai shafin da ya san haka, me zai hana ya buɗe ƙofa da sauri, ya baje haja, ya rubuta kuɗi ɓaro-ɓaro da na dako, ya bar neman lambar waya sai an yi ciniki?

Da na tashi fita, taga ta ƙarshe ta sha gabana tana roƙon kada in tafi in bar su. Washegari na hau Adaidaita zuwa Kwari, yaron kanti ya ce, "Baba, ga benci," maigidansa ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama, duk kafin a kira azahar. Ita kuwa waccan shaddar, albarkacin biskit ɗin da na karɓa, har yau tana bina duk inda na leƙa, ko lokutan salla na je dubawa sai ta yi mini sallama. Tambayar da na aika ta WhatsApp an amsa ta bayan kwana uku cif, daidai lokacin da haƙƙin baƙunta ke ƙarewa, ga kuma amsar: "Akwai, Yallaɓai. Yadi nawa kake so?"