Rammstein: Ku Sauke Hannu Daga Kunne Tukuna

Na ga yadda kuka yatsine fuska tun ban gama faɗin sunan ba. Malam ya ja a'uzubillahi. Hajiya ta ce ai an taɓa kunna mata, ta ɗauka injin niƙan maƙwabta ne ya haɗiye ƙusa. Shi kuwa Alhajin da ke can gefe, wanda bai taɓa jin ko daƙiƙa goma na kiɗan ba, ya fi kowa tabbacin cewa haukan Turawa ne kawai. To madalla. Ku gyara zama. Ba zan roƙe ku ku so su ba, haukan nan dai da kuke faɗa nake so mu leƙa cikinsa mu ga ko akwai mahaukacin.

'Yan ƙungiyar Rammstein su shida ne, dukansu a tsohuwar Jamus ta Gabas suka tashi, ƙasar da sai hukuma ta ba makaɗi takardar izini kafin ya hau dandamali. A Berlin suka haɗu a 1994. Till Lindemann ne mawaƙi, Richard Kruspe da Paul Landers ke riƙe da gita, Oliver Riedel na kan gitar bas, Christoph Schneider na dukan ganguna, sai Christian Lorenz, siririn da ake kira Flake, a kan kibod. Daga wannan shekara zuwa yau ba wanda ya fita, ba wanda aka sako. An yi saɓani, har Kruspe ya koma New York da zama ya kafa tasa ƙungiyar ta gefe mai suna Emigrate, amma bai bar Rammstein ba. Alhaji, ranka ya daɗe, nuna mini mahaukata shida da suka shekara talatin suna raba kuɗi ba su watse ba.

Kuma ba 'yan gata ba ne. Kruspe ta Hangari ya tsere zuwa Yamma a 1989, gab da faɗuwar katangar Berlin. Lindemann ɗan wasan ninkaya ne a ƙuruciya, daga baya ya yi sana'ar saƙar kwando, mahaifinsa Werner Lindemann kuwa marubucin waƙoƙi ne. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu bukace shi. Sunan ƙungiyar daga garin Ramstein ya fito, inda sansanin sojan saman Amurka yake, inda jiragen Italiya masu wasan nuna gwaninta suka yi karo a watan Agustan 1988, mutum 70 suka hallaka. Tun daga suna ka san ba kiɗan ranar suna za a yi ba.

Mu koma kan injin niƙan Hajiya, don Hajiya ta fi kusa da gaskiya fiye da yadda take zato. Salon nasu ana ce masa indastiriyal metal, wato kiɗan ƙarfe da aka aura wa ƙarar masana'anta. Ba su suka ƙirƙiro shi ba. Tun 1980 akwai ƙungiyar Einstürzende Neubauten a Berlin ta Yamma suna dukan tarkacen ƙarfe da injin huda bango, a Amurka kuma ƙungiyar Ministry ta haɗa gita mai kauri da na'urar bugun ganga. Abin da Rammstein ta yi shi ne ta tankaɗe duk wannan har ya rage tsaba. Masu gita biyu sukan buga gaɓa ɗaya tak, gajeriya, a tare, su yi ta maimaita ta ba ƙari ba ragi. Ganga na tafiya kamar takun soja a fareti. Irin doguwar gwanintar yatsa da masu gitar Amurka ke yi don a tafa musu, nan da wuya ka ji ta. A saman wannan katangar sai Flake ya ɗora wani siririn sauti, wani lokaci kamar fito, wani lokaci kamar muryoyin coci, sannan muryar Lindemann ta shigo daga can ƙasan ƙirji, yana karkaɗa harafin ra kamar mai kurkure baki. Inji ne, na yarda. Amma injin da ya haɗiye ƙusa tsalle yake yana kuskure bugu, wannan kuwa da za ka sa agogo ka auna, agogon ne zai ji kunya. Wahalar irin wannan kiɗa tana wajen haƙuri: gwani ya danne gwanintarsa ya yi ta buga abu ɗaya minti huɗu don kada ginin ya karkace.

Sai Malam ya ce to ai ba a jin abin da suke faɗa. Haba Malam! Kai da ka haddace waƙoƙin fina-finan Indiya tun kana saurayi, kana rerawa kana lumshe ido, Hindi nawa ka iya? Nan ma fa abin burgewar yake. A lokacin da mawaƙin Turai mai son kasuwar duniya ke komawa Ingilishi, su suka kafe a kan Jamusanci. Faifansu na farko, Herzeleid, ya fito a 1995. A 1997 David Lynch ya sa waƙoƙinsu biyu a fim ɗinsa Lost Highway, a shekarar kuma Sehnsucht ya fito da waƙar "Du hast" a ciki. Sun gwada rera ta da Ingilishi don Amurkawa, Amurkawan suka nuna ta Jamusancin suke so, har aka sa ta cikin takarar kyautar Grammy a 1999. A Disambar 2010 suka cika zauren Madison Square Garden a New York, tikiti ya ƙare cikin kusan rabin sa'a. Dubban mutanen da ba su iya gaisuwa da Jamusanci ba suka tsaya suna amshi da shi.

Da kun ji ma'anar kuma, da wani wurin kun yi shiru. Ɗan marubucin nan bai yar da gadon gida ba. Waƙar "Dalai Lama" ta faifan Reise, Reise na 2004 sabunta tsohuwar waƙar marubuci Goethe ce ta uban da ke ɗauke da ɗansa mutuwa na kiran yaron, sai dai an sauke su daga kan doki an sa su cikin jirgin sama. "Sonne" kuwa tun asali don ɗan damben nan Vitali Klitschko aka tsara ta, da niyyar ya riƙa shiga fage da ita, shi ya sa ake ƙirga a cikinta kamar alƙalin wasa a kan wanda aka kayar. Akwai ma masu taushi irin "Ohne dich", da goge da komai, wadda in aka kunna wa Hajiya ba a faɗa mata masu ita ba, sai ta tambayi wane bawan Allah ne aka yi wa rasuwa.

Wutar fa? Na san ita kuke jira. E, suna wasa da wuta, har da abin rufe fuska mai feso harshenta da fukafukan ƙarfe masu ci bal-bal. Akwai inda ake sa Flake cikin ƙatuwar tukunya, Lindemann ya sa kayan mahauci ya yi ta hura mata wuta daga ƙasa. A 1996 wani ɓangaren dandamali mai ci da wuta ya faɗo cikin 'yan kallo a Berlin. Daga nan suka ɗauko ƙwararru, shi kansa Lindemann ya je ya yi horo ya karɓi lasisin sarrafa wutar wasa. Mawaƙi da takardar shaidar ƙona dandamali! In ba Bajamushe ba wa zai yi wannan? Kowace tartsatsi da daƙiƙarta, kowa ya san inda zai tsaya, wanda ya yi taku ɗaya ba a kan ƙa'ida ba ya kwana asibiti.

Yanzu ga inda zan ba ku gaskiyarku, kada ku ce na ci kuɗinsu. Tsokana sana'arsu ce, kuma sukan wuce gona da iri. Waƙar tukunyar nan, "Mein Teil", a kan labarin gaske ne na Bajamushen da ya ci naman mutum. Batsa kuwa ba a magana. A 1999 Lindemann da Flake sun kwana a hannun 'yan sanda a Worcester ta jihar Massachusetts saboda abin da suka aikata a dandamali, a 2009 kuma hukumar kare matasa ta Jamus ta hana sayar wa yara faifansu Liebe ist für alle da, kafin kotu ta ɗage a 2010. Zargin Nazi ma su suka jawo wa kansu, da suka sa hotunan Leni Riefenstahl, mai yi wa Hitler fim, a bidiyonsu na 1998. Sun mayar da martani da waƙar "Links 2 3 4" a 2001, suna cewa su 'yan hagu ne, a bidiyon "Deutschland" na 2019 kuma baƙar mace, Ruby Commey, suka sa ta fito a matsayin ita kanta Jamus. Duk da haka sai da suka cusa hoton sansanin gwale-gwale a ciki, ƙungiyoyin Yahudawa suka yi tir, kuma ban ga laifinsu ba. Mafi nauyi shi ne zargin cin zarafin mata da aka yi wa Lindemann a 2023. Ya musanta, masu gabatar da ƙara na Berlin sun rufe bincike a watan Agustan shekarar saboda rashin isassun hujjoji, amma yadda ake zaɓo 'yan mata daga cikin 'yan kallo zuwa shagalin bayan wasa ya bar ɗaci a bakin masoya da yawa. Wannan ba wurin zolaya ba ne.

Saboda haka, Malam, in ka ce tarbiyyarka ba ta yarda ka saurare su ba, na sara maka, ba ni da ja. Wanda nake jira shi ne Alhaji mai cewa kowa ma zai iya wannan hayaniyar. Faifai takwas kacal suka yi daga 1995 zuwa Zeit na 2022, har da shirun shekara goma tsakanin 2009 da 2019, don haka fili a buɗe yake. Ka samo abokai biyar, a ba ka gita, ka buga gaɓa ɗaya minti huɗu ba ka kauce ba, wuta na tashi taku uku daga gemunka. Ni zan biya kuɗin tikitin Hajiya, a layin gaba.