Ranar da Na Raba Kekena da Tub

Keken Phoenix da na gada wurin mahaifina ba shi da maƙiyi a ƙasar Kazaure kamar tsidau. Da kaka ta yi, ciyawa ta bushe, kusan kullum sai na kai gaisuwa wurin mai faci. Tub ɗin baya kuwa, facin jikinsa ya fi shi yawa.

Rannan na ga Turawa masu tseren keke a waya suna cika baki da tubles. Babu tub, sai wani farin ruwa mai danƙo a cikin taya, ƙaya na hudawa ya toshe ramin da kansa. Na ce ashe wahalar banza muke sha tun 1888, lokacin da Dunlop, likitan dabbobi, ya ɗaura wa keken ɗansa tayar iska.

Na garzaya gindin darbejiyar mai faci. "Baba, a cire tub ɗin nan, zamani ya wuce shi."

Ya dube ni, ya dubi keken. "Malam, wilin nan ramukansa sun fi talatin, kowace waya da nata. A ina iskar za ta zauna? Mai tubles ƙirarsa daban."

Na ce a raina, ina wanda bai taɓa zama a aji ba zai gane kimiyya?

Na koma gida na naɗe wilin da salatif, na shafe shi da sholisho. Farin ruwan Turawa kuwa, na jiƙa ƙaro a madadinsa na ɗura. Na kama famfo har gumi ya jiƙe ni. Tayar ta shiga huci ta kowace waya kamar an taka ramin macizai, ƙaron na feshi a farar rigata. Matata ta leƙo daga madafi. "Maigida, keke kake gyarawa ko tawada kake haɗawa?"

Da dare ya raba na mayar da tsohon tub a ɓoye, na huce haushina a kan famfo. Lambar da aka rubuta a gefen taya ko kallonta ban yi ba, sai da tayar ta yi tauri kamar dutse.

Washegari na nufi ɗaurin aure a Roni. A rairayi tayar ta riƙa nutsewa, a tsakuwa ta riƙa cilla ni sama. Na manta kuma da abin da ni na karanta a aji, Baba bai karanta ba: iska in ta ji zafi kumbura take yi. Rana na take tsaka sai ji na yi tau! Awaki suka watse. Ni kuwa na tsinci kaina kwance a kwari ina salati, ina laluben inda harsashin ya shiga.

Da turi na ƙarasa. Na tarar an shafa fatiha, ko ɓarin goro ban samu ba.

Baba bai ce mini kanzil ba. Ya sa sabuwar taya da sabon tub, ya ba ta iska, ya kama babban yatsana ya danna a kai. "Ka ji ta ɗan lotsa? Ta ƙoshi ke nan. Taya ma ciki gare ta."

Kuɗin da na biya ya isa facin wata uku. Wannan bai dame ni ba kamar yaran da ke koyon aiki a wurinsa. Ko daga nesa suka hango ni, sai su miƙe da ladabi: "Barka da zuwa, Malam Tubles."